Shinkafar Da Za A Girba A Tsaye

Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa motar wata cibiyar binciken shinkafa, kuma tun ranar da ya ajiye makulli ya dawo unguwa, ba wanda ya ƙara shan ruwa a gabansa bai ji bayanin abin da ke cikin ruwan ba. Shi ya sa aka laƙaba masa Farfesa. Don tsiya aka yi, amma bawan Allahn nan ya karɓa hannu bibbiyu, har ta kai in an kira shi da sunansa na gaskiya sai ya yi kamar da wani ake.

"Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," haka yakan ce. "Duk wani bincike da aka yi a gidan nan, a bayan ƙeyata aka tattauna shi."

Wannan kam bai yi ƙarya ba. A kujerar baya aka tattauna, shi yana gaba yana kauce wa ramuka.

Matarsa ita ake kira Mai Iri. Ƙungiyar manoman fadamar tana da gonaki talatin da 'yan kai, kuma duk irin da suke shukawa daga 'yar gonarta yake fitowa. Shekara goma sha ɗaya tana gyaran irin nan. Shinkafarta gajera ce, da ƙyar take wuce gwiwa, amma gindi ɗaya sai ya fitar da rassa ashirin daga ƙasa, kowanne da zangarniyarsa, kuma ko iska ta haukace ba ta kwantar da ita. Duk shekara Mai Iri kan bi gonar layi-layi, wadda ta gani ta ɗaga kai ta fi 'yan'uwanta tsayi sai ta tuge ta ta jefar kan iyaka, domin dogayen nan baƙi ne, ba jininta ba. Dab da girbi wata Dakta daga cibiya takan zo ta duba. In gona ba gauraye ta sa hannu a raba iri, in da gauraye a karɓe aikin a ba wani. Ba a taɓa karɓa ba, kuma duk duniya ba abin da Mai Iri ke taƙama da shi sai wannan.

Ana nan, an yi dashe da mako uku, sai aka bugo waya cewa 'yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ta haifi 'yan biyu, kuma sai da aka yi mata aiki. Mai Iri ta haɗa kaya, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ta dubi mijinta kamar mai shirin barin nama a hannun kyanwa.

"Maigida, abu uku ne. Ka buɗe ruwa, ka rufe ruwa, ka cire doguwa."

"Ni kike koya wa shinkafa?"

"Maimaita min."

"Ruwa, ruwa, doguwa. Ki tafi, mota ba ta jira."

"Kada ka ƙara komai a kai."

"Me zan ƙara?" in ji shi. Kuma har ga Allah, a lokacin bai riga ya san abin da zai ƙara ba.

Kwana huɗu ya yi yana buɗe ruwa yana rufewa. Ran na biyar ya ga doguwa ta farko, ya sunkuya zai tuge ta, bayansa ya ce ƙas! Ya daɗe a sunkuye yana kiran sunan Allah. Da ya samu ya miƙe, sai ga shi ga doguwar nan, tana tsaye kyam ta kere kowa a gonar. Nan take tunani ya faɗo masa, kuma da a ce ciwon bayan ya kwantar da shi mako guda da an huta.

Bai zame ko'ina ba sai shagon ƙanin matarsa, wani tela mai gona a maƙwabtaka da tasu, mai baki kamar reza. Shugaban ƙungiya yana zaune a benci yana jiran a rage masa wando.

"Ku gaya min," in ji Farfesa tun bai zauna ba, "me ya sa manomin shinkafa ke tsufa da ƙusumbi?"

"Tsufa ne," in ji Shugaba.

"Sunkuyo ne! Dashe sunkuyo, ciyawa sunkuyo, yanka sunkuyo. To ni zan fitar da shinkafa mai tsayin mutum. A zo a same ta a tsaye, a yanke ta a tsaye, kamar ana gaisawa."

Tela bai ɗaga kai daga keke ba. "Ai mun ji Dakta tana cewa tsayi a cikin iri yake, gado ne. Gajera gajera za ta haifa."

"Wa ya kai ta taron da ta faɗi haka? Ni. Wa ya dawo da ita? Ni. Ku saurara ku ƙaru. A cikin kowace ƙwaya akwai ƙwayoyin gado. Akwai mai kula da tsayi, akwai mai kula da rassa, kuma ba sa ga maciji da juna. In wannan ya yi sama, wancan sai ya yi ƙasa. Shekara ashirin masu farar riga sun kasa sasanta su."

"Kai za ka sasanta su ke nan."

"A damina ɗaya."

"A wace gona?"

Farfesa ya dubi silin. Tela ya tsayar da keke.

"Farfesa, gonar Yaya ba wurin wasa ba ce. In iri ya gauraya, ita za a karɓe wa aiki, ba kai ba."

"In ta dawo ta ga abin da na mayar da irinta, da kanta za ta ɗaga hannuna a gaban jama'a."

"Za ta ɗaga wani abu dai," in ji Tela, ya ci gaba da ɗinki.

Washegari da sassafe Farfesa ya fita da baro. Ya bi kan iyakar gonakin mutane yana tsintar dogayen da kowa ya tuge ya yar. Abin ya ba shi takaici ƙwarai, ganin yadda jahilci ke sa mutane zubar da zakaru suna riƙe wadanni. Manoma kuwa da suka ga yana kwashe musu shara, sai suka shiga tara masa, har wani tsoho ya riƙa kawo masa nasa gida yana sa masa albarka. Ya kai su gonar Mai Iri, ya tuttuge gajeru layi-layi don ya samar wa baƙi wuri, ya dasa layin doguwa, layin gajera, layin doguwa, wai don su saba da juna.

Rabin dogayen suka mutu. Ya ce waɗannan daman ba su da kishin aikin. Sauran suka kama, kuma irin wannan shinkafa in ta kama ƙasa ba ta wasa.

Da ya gama da baƙi sai ya juyo kan 'yan gida. Ya tsuguna gaban wani gindi ya ƙirga rassa goma sha takwas, ya girgiza kai. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ƙarfin gindi ɗaya ne, an raba shi gida goma sha takwas, ai dole kowa ya tsuguna. In aka rage su suka koma biyar, sauran ƙarfin ba shi da inda za shi sai sama.

Ran nan Tela ya nemi babban almakashinsa na yanka yadi sama da ƙasa bai gani ba. Ya tarar da shi a gona, a hannun mijin yayarsa, ya yi baƙi ƙirin da laka.

"Farfesa! Almakashina!"

"Tarihi zai ambace shi."

"Aski kake yi wa shinkafa?"

"Gyaran gado nake."

"To in ka yi wa akuya aski, ɗanta da sanƙo za a haife shi?"

"Akuya dabba ce, wannan tsiro ne. Kada ka shiga fannin da ba naka ba."

Kwana shida ya yi yana aski, bayansa na kuka yana ba shi haƙuri da cewa wannan ne sunkuyo na ƙarshe a tarihin fadamar. Bayan kwana goma ya ari tef ɗin awo, wannan karon da izini, ya je ya auna. Gajera tana nan daidai gwiwa, ko ɗan yatsa ba ta ƙara ba. Amma duk inda ya yanke reshe ɗaya, biyu sun fito, sirara, suna cunkushe da juna. Gindin da ya bari da biyar ya same shi da ashirin da uku.

Tela ya leƙo ta kan iyaka. "Ta ƙaru?"

"Ta ƙaru."

"Ta ina?"

"A faɗi. Sai an yi faɗi ake tsayi, ko gini ne."

Ya sake yi mata aski karo na biyu. Ta sake fitowa. A nan ne ya yanke hukuncin cewa shinkafar nan ta ɗauko halin mai ita, kuma lallashi ba zai yi ba.

Sai taki. Akwai buhunan da Mai Iri ta ajiye a ɗakin ajiya, waɗanda takan zuba kaɗan-kaɗan sau uku. Farfesa ya juye su gaba ɗaya rana guda, ya ce yunwa ce ke hana tsayi. Dogaye suka ce daman abin da muke jira ke nan. Cikin mako biyu suka kai ƙugu, suka kai ƙirji, suka yi kore shar har da duhu, karansu laushi tiɓis. Mutane suka fara ratsowa kallo. Wata mata ta tambaya ko rake ne. Farfesa ya sa aka rubuta allo, ya kafa ƙaton turke a bakin gona ya rataya, don kada a ƙara yi masa tambayar jahilci.

Duk bayan kwana uku Mai Iri takan bugo waya. Jikin 'yarta ya ƙi daɗi, wata ɗayan da ta ce za ta yi ya zama biyu, yana neman uku.

"Maigida, ya gona?"

"Gona tana ci gaba."

"Kana cire doguwa?"

"Babu doguwar da ta rage a kan iyaka, ko ta wa."

"Me ya haɗa ka da iyakar mutane?"

"Taimakon juna. Ya jikokina?"

Tela ya so ya tona, har ya ɗauki waya. Amma da ya ji muryar yayarsa, ga kukan jarirai biyu, ga mara lafiya a kwance, sai ya kasa. Ya ce gona tana nan inda take. Daga baya ya ce wannan shirun shi ne babban laifin da ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma ba wanda ya musa masa.

Shinkafa ta yi ciki, ta fara fitar da kai. Nan Farfesa ya zo kan abin da yake kira asirin aikin. Ya sha gani a cibiya ana rufe kawunan shinkafa da 'yan fararen jakunkuna in za a haɗa iri biyu. Shi da kansa ya sha ɗauko su a katan. Abin da bai tsaya ya lura ba shi ne na takarda ne, kuma akwai aikin da ake yi da ɗan tsinke kafin a rufe, wanda a lokacin yinsa shi yana gindin bishiya yana barci a mota.

Ya sayo leda fara bandir biyu. Sai ya tanƙwaro kan doguwa, ya haɗa da kawunan gajera, ya cusa su leda ɗaya ya ɗaure tam da zare. Ya yi wa gajeru haka har sai da ledar ta ƙare. Gona ta koma kamar an yi bikin shanya.

Shugaba ya zo wucewa ya tsaya. "Farfesa, wannan fa?"

"Musayar gado suke yi. A bar su su gana."

"Ba za su sha zafi ba?"

"Ilimi ba ya samuwa sai da zafi, Shugaba."

Rana ta buɗe kwana huɗu a jere. Ledoji suka yi gumi, suka yi tururi. Ran na biyar wani wari ya tashi, irin na jiƙaƙƙen buhu da aka manta a lungu. Farfesa ya kwance guda ya duba, kan gajera ya yi fari fat, ya murza, babu komai ciki sai ƙaiƙayi. Ya kwance goma, duk kanwar ja ce. Amma da ya ɗaga kai ya ga sauran dogayen da ba a ɗaure ba sun kai masa kafaɗa, suna kaɗa kai da dogon gashi a baki, sai hankalinsa ya dawo. Ya ce gajerun sun sadaukar da kansu ne, kuma haka kowane babban bincike ya gada.

Sai aka yi ruwa da 'yar iska, ba ma mai ƙarfi ba. Gonakin maƙwabta ko gezau. Dogayen Farfesa kuwa suka karkata gaba ɗaya kamar masu neman gafara. Saura kwana tara Dakta ta zo.

Ya kwaso sanduna, ya kwance igiyar shanyar gidansa, ya ciro ta guga, ya bi shagon Tela ya kwashe ƙyallayen da ke ƙasa. Kowane layi ya tallafe shi da igiya, kowace igiya ya ɗaure ta jikin wata babbar igiya guda da ya ja daidai ƙirji ta ratsa gaban gonar, ya kai ƙarshenta ya ɗaure a turken allo. Dogaye suka miƙe dole. Daga nesa abin gwanin sha'awa, ga tsayi ga ƙyallaye kala-kala.

"In igiyar nan ta tsinke fa?" in ji Tela.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

Bai tsaya nan ba. Ya je ya sami Shugaba ya ce a bana kada a yi duba a ɓoye kamar ana jin kunya. A tara duk 'yan ƙungiya, a kawo bencina, a duba gonar a gaban kowa. Shugaba mutum ne mai gudun fitina, kuma a ƙasan ransa yana son ya ga ƙarshen abin, sai ya amince. Mai Iri ta bugo ta ce 'yarta ta miƙe, za ta taso ta iso ranar duban, in mota ba ta makara ba. Farfesa ya ce ta zo da shirin farin ciki.

Ranar ta zo. Hantsi ya yi, bencina sun cika, waɗanda ba su sami wuri ba suna tsaye kan iyaka. Motar cibiya ta tsaya, Dakta ta fito da takalmin ruwa da littafinta. Mace ce mai furfura, mara yawan magana. Ta ga tsohon direbanta cikin farar riga fes da guga, lauje a hannu, ta yi murmushi suka gaisa. Sannan ta juya ta ga gona, murmushin ya tsaya inda yake.

"Ina gonar Mai Iri?"

"Ga ta nan, ranki ya daɗe. Ta girma ne."

Ya hau kan iyaka ya yi gyaran murya. Ya yi magana a kan ƙusumbi, ya yi a kan ƙwayoyin gado guda biyu da suka shekara dubu ba sa magana, ya gode wa cibiya da ta ba shi harsashi, ya yafe wa duk wanda ya yi masa dariya, yana faɗin haka yana duban Tela. Yana cikin jawabi Mai Iri ta iso, kai tsaye daga tasha, jakarta a hannu. Ta tsaya a bayan mutane. Ba ta ajiye jakar ba.

"Yanzu," in ji Farfesa, "ku buɗe ido ku ga yadda jikokinku za su yi girbi."

Ya shiga gona ya tsaya cak, ƙirji a waje. Ya miƙa hannun hagu ya damƙi kawuna cike da tafi. Kafin lauje ya iso, sai ji aka yi sharrr! Ƙwayoyi suka zube ƙasa gaba ɗaya, aka bar shi riƙe da tsirarun tsinkaye.

Ya dubi hannunsa, ya dubi laka.

"Ta sussuke kanta," in ji shi. "Wannan ma yana cikin tsari. An huta da bugu."

"A cikin laka za a riƙa tsinta?" in ji wani daga baya.

"Wannan ta cika nuna ne. Ga wata."

Ya matsa gaba, ya ce wannan karon ba zai ba ta lokaci ba. Ya ɗaga lauje ya kai sara da ƙarfi daidai ƙirji, a tsaye, kamar yadda ya yi alkawari. Daidai ƙirjin nan kuwa babbar igiya take. Aka ji tas!

Ba a lokaci ɗaya gonar ta faɗi ba. Layin farko ya kwanta a hankali, ya jingina da na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, haka har ƙarshen gona, kowanne yana kwantawa yana zubar da abin da ke kansa, sharrr, sharrr. Sanduna suka bi. Turken allo, da ya rasa abin da ke jansa, ya yi baya ya faɗo kan bencin Shugaba, Shugaba ya yi tsalle irin wanda rabonsa da yi tun yana saurayi. Guntun igiya ya naɗe ƙafar Farfesa, ya ja da baya, ya zauna daɓas cikin laka har ƙugu, ƙyallen atamfa a kafaɗarsa.

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Tela ne kaɗai bai yi ba, domin ya hango yayarsa.

Dakta ta shiga gona, ta tsinci ƙwaya ɗaya, ta murje ɓawon da farce ta ɗaga. Ja ce wur.

"Wannan jar baƙuwa ce mai zubewa," in ji ta. "Tsayinta gadonta ne, zubewarta ma gadonta ne. Ita kuma gajerar, a cikin irinta aka rubuta inda kara zai tsaya da yawan rassan da gindi zai fitar. Almakashi ba ya kai wa can, taki ma haka. Ko za a canza, sai an haɗa iri an yi shekaru ana zaɓe."

"Abin da nake gaya musu ke nan, ranki ya daɗe," in ji Farfesa daga cikin laka.

Ba ta kula shi ba. Ta dubi Shugaba. "Ba zan sa hannu ba. Kuma ba bana kaɗai ba. Abin da ya zube yanzu yana cikin ƙasa, zai yi ta fitowa. Gonar nan ba za ta ba da iri ba sai bayan shekara uku, in an dage da cira."

Dariya ta mutu. Shugaba ya cire hula ya mayar, ya ce cikin sanyin murya dole a nemi wata gona a ba ta aikin iri. A lokacin ne mutane suka lura da Mai Iri, suka dare suka ba ta hanya.

Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi wa kowa sauƙi. Ta miƙa wa ƙaninta jaka, ta cire takalmi, ta shiga gonar. Tana tafe tana ɗaga dogayen da suka kwanta tana duba ƙarƙashi, tana ganin gajerunta a aske, a ƙone, wasu da leda a wuya. Farfesa ya bi ta da ido, kuma a karo na farko tun tafiyarta kunya ta kama shi, kunya ta gaske mai sa mutum ya so ƙasa ta tsage.

Can ƙuryar gona, inda ruwa ke da zurfi, ta tsaya. Akwai gindi ashirin da 'yan kai a wurin, gajeru, cike da rassa, kawunansu sun sunkuya da nauyi, ba aski ba leda, kuma babu doguwa kusa da su. Wurin matsattsaku ne, Farfesa kuwa duk duniya ba abin da yake tsoro kamarsu, don haka ƙafarsa ba ta taɓa zuwa nan ba.

Dakta ta je ta duba. Ta ce in aka yanke waɗannan da hannu, aka ware su, aka shuka a wata gona mai tsabta, cikin damina uku iri zai iya dawowa.

Farfesa ya taso yana ɗigar laka, ya matso har inda ruwa ya fara zurfi ya tsaya. Hali zanen dutse.

"Da gangan na bar su," in ji shi. "Mu a bincike dole a bar wani yanki ba a taɓa ba, don a gwada."

Mai Iri ta juyo. Idonta ya yi ja, amma muryarta lafiya lau.

"Maigida, shekara nawa ka yi kana tuƙa Dakta?"

"Ashirin da biyu cif."

"A cikinsu, ta taɓa cewa ka matsa ta karɓi sitiyari?"

"Haba! Ina! Ta iya ne?"

"Na iya," in ji Dakta, tana rubutu a littafinta. "Tun kafin a ɗauke ka aiki nake tuƙi. Aikinka ne, shi ya sa ban taɓa ba."

Farfesa ya buɗe baki. Mutum talatin da 'yan kai suka jira su ji abin da zai fito, ba abin da ya fito.

Mai Iri ta karɓi lauje daga hannunsa, ta ce wa ƙaninta ya miƙo buhu mai tsabta. Ta sunkuya ta yanki zangarniya ta farko. Sannan ta dubi mijinta, ta nuna masa ruwan da ke gabanta.

"Shigo ka riƙe min bakin buhu," in ji ta. "Riƙewa kawai."

Ya dubi ruwan, ya dubi fuskarta. Ya naɗe wando ya shiga.